Kujerun Aro

Takardar ta iso ranar Litinin da hantsi, cikin ambulan mai hatimi biyu, kuma tun kafin Hedimasta ya farke bakinta jikinsa ya ba shi ba alheri ba ne. Shekara talatin da ɗaya yana shaƙar garin alli, goma sha huɗu daga ciki yana shugabancin wannan firamare ta bayan layin dogo, bai taɓa ganin ma'aikatar ilimi ta aiko da labari mai daɗi a rubuce ba. Labari mai daɗi a rediyo ake jin sa, a yi tafi, a wuce wurin. Abin da ke zuwa cikin ambulan kuwa, in ba tuhuma ba ce, to umarni ne da wa'adinsa ya wuce tun shekaranjiya.

Ya gyara zaman tabarau ya karanta. Gwamnati, in ji takardar, ta kafa babban kwamiti da zai sake duba tsarin ilimin ƙasa tun daga tushe, ya ba da shawarar gyara. Jami'ar kwamitin za ta ziyarci makarantarsa ranar Alhamis ta makon gobe, ta ga halin da ake ciki da idonta. An haɗo da fom guda bakwai, kowane malami ya cike nasa shi kaɗai, ba suna, ba sa hannu, ya faɗi abin da ke damunsa "ba tare da wani tsoro ba".

A nan Hedimasta ya tsaya, ya ja biro a ƙarƙashin layin. Wanda bai tanadar maka abin tsoro ba, me zai sa ya ce kada ka ji tsoro? Ya ɗaga fom ɗaya ya haska a taga, ya juya bayansa, sai ga wasu 'yan lambobi mitsi-mitsi a can ƙasa. Ya duba na biyu, lambar daban. Ya gyaɗa kai.

"Ba suna," ya ce shi kaɗai. "Lallai kam."

Dama zancen kwamitin ya riga takardar isowa. Makonni ke nan ana raɗe-raɗin cewa gyaran da za a yi na rage yawan makarantu ne: duk wadda aka samu ba ta cika sharaɗi ba za a garƙame ta, a kwashe yaranta a kai babbar makarantar da ke tsallaken titin manyan motoci. Ba wanda ya ga wannan a rubuce, amma kowa yana da wani da ya ji daga bakin wani direban ma'aikata. Hedimasta kuwa ya san makarantarsa kamar yunwar cikinsa. Yara ɗari huɗu da tamanin da shida, aji shida, malamai bakwai har da shi. Kujerun da ke tsaye da ƙafarsu, masu cin yara uku-uku, ba su wuce sittin ba, sauran yara a ƙasa suke zama, littafi bisa gwiwa. Bangon aji huɗu ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da babban mutum zai zura hannu ya gaisa da na waje. In makarantar rufewa ake nema, ba sai an wahala ba.

Ba kujerarsa yake ji ba. Saura shekara biyu ya yi ritaya, ko ina aka jefa shi zai lallaɓa. Titin nan ne ya tsaya masa a rai: layi shida, ba gada, tirela na bin tirela, ga 'yan aji ɗaya da ko ɗaure igiyar takalmi ba su iya ba. Ya san iyayen unguwar sarai. Rabinsu za su ce gara yaro ya zauna a gida da jahilcinsa da a kawo musu shi a naɗe cikin zane. Ya rantse a ransa, makarantar nan, da tsagarta da komai, ba a hannunsa za ta mutu ba.

Da aka tashi yara ya tara malamai a ofis. Mataimakiyarsa ce ta fara karɓar takardar, wata doguwar mata da kowa ke kira Jan Biro, don ko katin gayyata ka miƙa mata sai ta gyara maka kuskure kafin ta ce Allah ya sanya alheri. Ta karanta, ta taɓe baki.

"Ba tare da tsoro ba," ta ce. "Haka aka ce wa tsohon hedimastan makarantar kasuwa shekara goma sha ɗaya da ta wuce. Ya buɗe baki ya zazzage musu gaskiya. Yau ina yake?"

Kowa ya san inda yake. An tura shi wata makarantar da sai an sauka daga mota an hau babur, an sauka daga babur an tuɓe takalmi.

"Shirin baƙi za mu yi, kamar kullum," in ji Hedimasta. "Sai dai na bana babba ne."

Shirin baƙi ba a koyar da shi a kwalejin horon malamai, amma duk wanda ya shekara biyar a aji ya haddace shi. In sufeto zai zo, a share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti, a ɓoye abin ɓoyewa, a zaɓi yaran da za su ɗaga hannu. Sufeto ya san an shirya, malamai sun san ya sani, ya sha lemo ya rubuta an gamsu, kowa ya kama gabansa.

Malamar aji huɗu ce ta ɗaga hannu, sai ka ce ɗaliba. Shekararta biyu kacal da fara aiki, yarinya ce mai sanyin murya, kuma ita ce ke wuni da yara tamanin da tara a gindin bangon nan.

"Ranka ya daɗe, ni da na ce a bar su su gani. Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasiƙa nawa ka rubuta a kan bangon ajina?"

"Bakwai."

"To ga shi yau sun zo da ƙafarsu."

Jan Biro ta dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, wanka daban, fiɗa daban. Waɗannan ba soso suka riƙo ba."

Aka bushe da dariya, Malamar aji huɗu ta sunkuyar da kai. Hedimasta bai yi dariya ba. Kallonta yake, yana tuna cewa makon jiya ya hango ta tsaye gaban tsagar da waya a hannu tana ɗaukar hoto. A lokacin bai kawo komai a ransa ba. Yanzu kuwa biri ya soma kama da mutum. Da aka watse, Jan Biro ta tsaya lalube a jakarta har ɗakin ya rage daga ita sai shi.

"Ka san yarinyar nan, ɗan yayar babarta a ma'aikata yake aiki?"

"Wane sashe?"

"Oho. A can dai yake. Kuma makarantu nawa ne a garin nan? Me ya sa tamu ce a sahun farko?"

Maganar ta sami wurin zama a ransa.

Kwana tara suka yi ba hutu. Kujeru ne babbar matsala, sai Hedimasta ya tuna ƙanin matarsa, mai wata makarantar kuɗi a bayan gidan mai, wadda Allah ya sa take hutun tsakiyar zango a wannan makon. Ya same shi a ofis yana shan iskar fanka.

"Yaya, kujera ɗari fa ka ce? Taron siyasa za ka haɗa?"

"Kwana biyu kawai. Laraba a kawo, Juma'a a mayar."

"Sunan makarantata na jikin kowace ɗaya."

"Ai ba a daina sayar da fenti ba."

Ƙanin ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a kwashe duka ɗari da ashirin ɗin, gara su yi yawa da su kasa. Hedimasta ya yi godiya, yana ganin ya tsinci dami a kala.

Sai batun yara. A takardun ma'aikata, makarantar na da ɗalibai ɗari biyu da hamsin da biyu, ƙidayar shekara bakwai da ta wuce. Kowace shekara Hedimasta na aika sabon adadi, kowace shekara wasiƙunsu na dawowa da tsohon. To tunda abin da suka yarda da shi ke nan, shi za su gani. Jan Biro ta zauna da rajista ta tace: mai yagaggen yunifom, gefe; wanda har yanzu bai haɗa baƙi ba, gefe; mai yawan surutu da zai iya ɓaro zance, gefe. Aka ce musu ranar Alhamis jarrabawar gwaji ce ta waɗanda aka kira sunansu, saura su huta a gida. Waɗanda aka bari suka yi ta tsalle suna murnar hutu. Hedimasta ya ji kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ya shige ofis ya turo ƙofa.

Bangon aji huɗu aka lulluɓe shi da taswirar duniya guda biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka ja kabad aka tare ƙasan. Ta waje maigadi ya jingina tsofaffin kwanon rufi. Fom ɗin kuwa, ba wanda ya ko yi tunanin wata hanya ban da wadda suka saba. Jan Biro ta tsaya gaban allo ta rubuta amsa ta ɗaya zuwa ta goma sha biyu da kyakkyawan rubutunta, malamai suka zauna a kujerun yara suna kwafa, Hedimasta na zagayawa hannu a baya. A kan Malamar aji huɗu ya fi daɗewa. Tana rubutu a hankali kamar mai ciwon hannu, amma ta kwafe tsaf. Ya karɓa ya karanta har bayan takardar.

Ranar Laraba da la'asar ya dawo gida duk jikinsa ɗigon fenti. Matarsa na kan keken ɗinki a falo, ta dakatar da ƙafa ta bi shi da kallo.

"Malam, ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. Shekara da shekaru kana rubutu a zo a gani. Yau an ce za a zo a gani, kana rufewa."

"Ke ba ki san gwamnati ba. In ta tambaye ka ina ke maka ciwo, wurin yankewa take nema."

"To in wannan karon magani ta kawo fa?"

"Da ta aiko da siminti, ba fom ba."

Ta ciji zare ta tofar. "Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Na wuni ɗaya yana rufewa," ya ce, ya wuce neman kananzir ya goge hannunsa.

Ranar Alhamis tun ƙarfe bakwai makaranta ta yi fes. Hedimasta ya tsaya a bakin aji huɗu. Yara arba'in da biyu, kowa a zaune kan kujera, ga wasu kujerun a baya ba kowa a kai. Ashe wannan ake nufi da aji. Ya juya da sauri kada wani ya ga idonsa.

Sun zaci jerin motoci. Sai ga wata mata ta sauko daga tasi ita kaɗai, da takalmi marar tsini da wata jakar da ta ga jiya ta ga yau. Ta gaida maigadi kafin ta gaida Hedimasta. Aka kawo lemo mai sanyi, ta ce ta gode, da ruwanta a jaka. Jan Biro ta kalli Hedimasta, shi ma ya kalle ta. Sufeton da ya sha lemonka ka san inda ya dosa. Wanda ya zo da ruwansa kuwa, sai Allah.

Ta bi aji aji tana ƙirga kawuna, tana ƙirga kujeru, tana rubutawa a wani ɗan littafi. A aji biyu ta shafa yatsa a bayan wata kujera, ta kai hanci ta shinshina.

"Sababbi ne?"

"Kula muke da su, ranki ya daɗe."

"Ya yi kyau," ta ce, ta rubuta wani abu. Da za a ba shi damar leƙa littafin nan da albashinsa na wata, da ya bayar.

A aji huɗu ta daɗe tsaye gaban bango, ta goya hannu a baya.

"Taswirar duniya biyu a aji ɗaya. Lallai kuna son duniya a nan."

Yara suka yi dariya, Hedimasta ma ya taya su da wata busasshiyar dariya. Iska na shigowa ta tsagar, taswirar ta sama tana ɗan kumbura tana lotsawa, ga shi nan ƙuru-ƙuru ko makaho ya shafa ya ji. Gumi ya jiƙa masa baya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa yau garke guda ya zubo.

Daga nan jami'ar ta ce tana son ganin kowane malami shi kaɗai. Sauran malamai minti biyu-biyu suka yi suka fito. Malamar aji huɗu kuwa sai da ta cinye minti goma cif, Hedimasta na tsaye a gindin tuta yana duba agogo. Ta taga yana hango bakin jami'ar na motsi, ba ya ganin fuskar yarinyar. Da ta fito idonta ya yi ja, ta wuce shi ba ta ɗago ba. Shi ke nan, ya ce a ransa, an sayar da mu.

A ofis jami'ar ta baje fom bakwai ɗin a tebur, gefe da gefe.

"Malam, malamanka kansu a haɗe yake. Har inda aka sa waƙafi ɗaya ne."

"Muna da haɗin kai, ranki ya daɗe."

Ta ɗan yi murmushi. Sai ta rufe ɗan littafin, ta ɗora biro a kai, ta tura shi gefe.

"Ka ga na rufe. Ni ma na riƙe alli shekara goma sha biyu kafin in koma ofis. Na san shirin baƙi, da hannuna na sha yin sa. Amma abin da aka nuna mini da abin da aka faɗa mini shi zan rubuta. In akwai abin da kake so ya shiga rahoton nan, yanzu ne lokacinsa."

Muryarta ba ta masu tarko ba ce, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali, don gwanin tarko ba ya zuwa da muryar tarko. Fayil ɗin wasiƙunsa bakwai na cikin durowa, daidai gwiwarsa. Hannunsa har ya kai kan mariƙin. Sai idonsa ya sauka kan wayarta da ke kife a tebur. An rufe littafi, to waya fa, wa ya rufe ta?

"Ranki ya daɗe, in yi tambaya? Gaskiya ne za a rufe wasu makarantu?"

"Ba ni ke yanke wannan ba, Malam."

Ba ta ce a'a ba. Ya janye hannunsa daga durowa, ya haɗe yatsunsa a kan tebur.

"Alhamdu lillahi. Mu dai a nan ba mu da wata matsala."

Ta dube shi har kallon ya yi tsawo. Sannan ta zaro takarda ta miƙa masa, inda shugaban makaranta ke shaida cewa abin da aka gani shi ne gaskiyar yadda makarantar take. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Juma'a aka mayar da kujeru, Litinin yara suka dawo gaba ɗayansu suka koma ƙasa. Aka shiga jira. Mako bakwai, duk motar da ta rage gudu a bakin ƙofa sai gaban Hedimasta ya faɗi. A tsakanin nan ya ɗauke wa Malamar aji huɗu wuta. Ta gaishe shi ya amsa da hanci. Ya cire sunanta daga masu shirya jarrabawa. In ta shigo ofis ana hira sai a koma zancen zafin rana. Yarinyar ta rame, ta daina zama cikin malamai lokacin hutun tara, sai ta ci abin da ta zo da shi a ajinta. Hedimasta na gani, yana cewa a ransa alhaki ne ke cin ta.

Da amsar ta zo, a tsaye ya karanta ta, malamai sun kewaye shi. An kasa makarantu kashi uku. Rukuni na ɗaya, waɗanda suka wadatu. Na biyu, waɗanda za a sake ginawa a ƙara musu malamai. Na uku, waɗanda za a rufe. Ya bi na uku da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Babu. Sai Jan Biro ta leƙo ta kafaɗarsa ta dangwala farce a can sama.

"Ga mu nan! Rukuni na ɗaya!"

Ofis ya kaure da murna. Hedimasta ya zube a kujera yana ta hamdala. Ya tsare makarantarsa. Ba yaron da zai tsallaka titi.

Malamin lissafi ne ya ce akwai shafi na biyu.

Makarantar kasuwa, wadda hedimastanta ke kwance a asibiti a makon ziyara har ba a sami mai ko share fili ba, tana rukuni na biyu: sabon gini mai aji shida, da malamai biyar. Wasu ƙananan makarantu biyu na bayan masana'anta an rufe su. Kuma da yake bincike ya tabbatar firamaren bayan layin dogo na da gine-gine masu lafiya, da kujeru ɗari da tamanin, da ajujuwan da ba su cika ba, an tura mata yara ɗari da casa'in daga waɗancan, za su fara zuwa farkon wata. Kwamiti na yaba wa shugaban makarantar bisa kyakkyawan riƙo.

Jan Biro ta karɓi takardar ta karanta da kanta, karo na farko a tarihi ba ta sami abin gyarawa ba.

Washegari da safe ya ɗauki fayil ɗin wasiƙunsa ya nufi ma'aikata. Sai da ya hau bene uku ya sauko biyu kafin ya sami jami'ar a wani ɗan ɗaki, takardu sun kusa binne ta. Ta gane shi nan take, ta kwashe kaya daga kan kujera ta ce ya zauna. Bai yi wani kewaye-kewaye ba, ya faɗa mata komai: kujerun, yaran da aka bari a gida, bangon.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Malam, fentin ko bushewa bai yi ba."

"To ai da kin ɗaga taswirar!"

"Da na ɗaga, dole in rubuta cewa shugaban makaranta da malamansa shida sun yi wa kwamiti ƙarya. Ka san abin da ke biyo bayan wannan. Na ɗauka rufa maka asiri nake yi. Ni ma ban san me za su yi da rahoton ba sai da na gani a takarda, kamar yadda ka gani." Ta murza goshi. "Mutum ɗaya nake nema ya buɗe baki da kansa, in rubuta a matsayin koke. Yarinyar nan ta aji huɗu na fi sa wa rai. Minti goma ina tambayarta me ke bayan taswira, hawaye na zuba tana ce mini bango ne. Ta ce kai ne shugabansu, abin da ka faɗa shi ke nan."

Hedimasta ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya daɗe yana kallon fayil ɗin da ke cinyarsa.

"Da na faɗi gaskiya, a ina za mu faɗa? Na biyu ko na uku?"

"Wallahi ban sani ba. Akwai waɗanda suka fi ku lalacewa aka ce a gina, akwai waɗanda ba su kai ku ba aka rufe."

"To yanzu in na janye sa hannuna fa?"

Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta rage murya.

"An kulle jerin rukuni na biyu, har an raba wa 'yan kwangila. In ka janye, za a sake buɗe fayil ɗin makarantarka. Jerin da ya rage a buɗe kuwa guda ɗaya ne, na uku. Ni ban ce ka yi ba, ban ce kada ka yi ba."

Ya so ya yarda da ita, ya kuma so ya ƙi. Ko gaskiya take faɗa, ko kanta take karewa kada a tono nata sakacin, ba shi da hanyar sani. Ya miƙe ya maƙale fayil ɗinsa a hammata, ya yi mata sallama.

Da ya koma makaranta ya tsaya a ƙofar aji huɗu. Malamar na tsakiyar yara, tana tsallake ƙafafu don ta kai ga allo. Ya tanadi magana tun a mota, doguwa, amma da ta juyo sai duk ta gudu.

"Malama, sannu da aiki."

"Yawwa, ranka ya daɗe," ta ce, ta ci gaba da darasinta.

Ranar ɗaya ga wata, kafin ƙarfe bakwai da rabi layi ya miƙe daga ƙofar ofis har waje. Iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, an yi wa yara wanka an shafe su da mai. Hedimasta ya fito da tebur baranda yana rubuta sunaye da kansa, don ba wanda ya iya haɗa ido da shi balle ya karɓe shi. Can wata mata ta iso gaba, da goyo a baya da 'yar shekara tara a hannu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Da makarantar kasuwa aka rubuta mata, wai za a yi musu sabon gini. Na ce ni ba ruwana da za a yi, wadda aka riga aka gyara nake so. Kwana biyu ina bin layi a ma'aikata, na bar sana'ata, sai da aka sauya mata zuwa nan. An ce duk yankin nan taka ce ta ɗaya."

Matar na murmushi, tana gyara wa 'yar wuyan riga.

"Aji nawa take?" ya tambaya, idonsa a kan rajista.

"Aji huɗu, Baba."

Biron ya tsaya a hannunsa har tawada ta taru a wuri ɗaya. Na bayanta suka fara cewa a yi sauri rana na yi. Ya rubuta sunan, ya nuna mata hanya da hannu, ya ce na gaba ya matso.